Yadda Ake Gano Inda Yatsa Ya Taɓa Ba Tare da An Tambayi Mai Yatsan Ba

Idan ka bi matakan nan bakwai bi da bi, an yi maka alkawarin za ka san kowane gurbi da yatsan mutum ya taɓa a cikin formiler, wato fom ɗin da ake cikewa, da sa'ar da ya taɓa shi, da daƙiƙun da ya ɓata a kansa. Abu guda kawai ba za ka sani ba, wato dalili. Kada wannan ya dame ka, dalili ba aikin masani ba ne.

An jarraba hanyar a nan Dakoro, a hannun Abdurrazak, mai kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, na wani furoje, shirin tallafi da ke raba wa mata jajayen awaki. Mata sittin na wani ƙauye a komin ɗin Kornaka, wato ƙaramar hukuma, waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci, su ne za su cika formiler a tabilet da hannunsu. Shef, shugaban furojen, ya ce in jerin sunayen bai isa Maraɗi ranar Alhamis ba, awaki ɗari da ashirin za su wuce wata komin. Ranar Asabar, mata goma sha ɗaya kaɗai suka kammala.

Mataki na 1: Tuhumi na'ura

Formiler ɗin shafin intanet ne da aka dasa cikin aplikasiyon, wato manhajar furoje, ɗaki a cikin ɗaki. Aplikasiyon tana ganin an buɗe shafin, tana ganin an rufe shi, amma abin da ya gudana a tsakani ba ta sani ba. Bayyana wa shef wannan a hankali, da Faransanci, har sai ya gaji. Abdurrazak ya yi haka, aka ba shi babur da mai.

Mataki na 2: Dasa ɗan rahoto

Rubuta ƴan layukan umarni ka cusa su cikin shafin. Jira shafin ya gama buɗewa tukuna, in ba haka ba ɗan rahotonka zai tarar da kango. Kada ka kafa shi a kan gurbi guda. Kafa shi a kan shafin baki ɗaya, domin duk inda aka danna ya aika wa aplikasiyon sunan gurbin, da lokacin shiga, da lokacin fita.

Wannan ci gaba ne babba. Masu ƙidayar da suka yi yawo da rajista kafin samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, da ma da yawa daga waɗanda suka gaje su, in an yi musu shiru sai su cika gurbin da abin da ya sauwaƙa. Shi ya sa dattawa bila adadin a ƙasar nan aka haife su ranar ɗaya ga Janairu. Yanzu kuwa shirun kansa ake aunawa.

Mataki na 3: Gwada a gida, kada ka fahimci sakamakon

Ranar Lahadi da hantsi Abdurrazak ya miƙa wa matarsa Sadiya tabilet. Ta rubuta sunanta, da shekarunta, da unguwarsu, cikin sauri. Da ta kai gurbi na huɗu, wanda ke neman sunan miji, sai ta danna, ta dube shi, ta yi dariya.

"Rubuta mana," in ji shi.

"Tukunya na bisa wuta," in ji ta, ta ajiye masa kayansa.

Ya buɗe littafinsa ya rubuta: "Ɗan rahoto yana aiki. Gwaji ya katse saboda tukunya." Ka yi koyi da wannan tsantseni.

Mataki na 4: Kiyayi ma'aikatan daji

Za a samu wani mai son faɗa maka amsar kyauta. A nan Hamdiya ce, malamar da ta koyar da matan karatu.

"Mushe Abdurrazak, gurbin nan na huɗu fa, ai ka san mata..."

"Madam, na gode. Bari alƙaluma su yi magana."

"To. Allah ya buɗe bakinsu."

Amsar da aka samu ba tare da wahala ba, ba ta shiga rapor, wato rahoton da ake kai wa shef.

Mataki na 5: Tsarkake gwajin

Ranar Litinin ya tarar da matan a gindin bishiyar bedi, tabilet na yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta rubuta rabi ta miƙa wa waccan, ana ta shewa. Hankalinsa ya tashi. Yaya za a san yatsan wa ya taɓa me? Nan take ya kafa doka: kowace mace ta shiga ajin ita kaɗai, a ja ƙyaure.

Alƙaluma suka fito tas. Mata arba'in da tara sun danna gurbi na huɗu, kowacce ta tsaya kimanin minti huɗu, ta fita ba ta rubuta harafi ko ɗaya ba. Waɗanda suka kammala a ranar: sifili. Abdurrazak ya goge fuskar tabilet da hularsa, ya ƙara wa gurbin faɗi, ya mai da shi kore. Ya kwana da farin ciki, domin bai taɓa ganin gazawa mai tsabta irin wannan ba.

Mataki na 6: Tilasta

Ranar Talata ya sanar cewa wadda ba ta cika gurbin ba, ba akuya. Suka cika. Talatin da takwas sun rubuta "Maigida", tara sun rubuta "Malam", biyu sun rubuta "Shi". Ya aika da jerin.

Kafin la'asar shef ya bugo waya.

"Abdurrazak, Maraɗi sun maido da jerinka. Suna tambaya wane ne wannan Maigida mai mata talatin da takwas, kuma me zai yi da awaki saba'in da shida?"

Mataki na 7: In komai ya ƙi, bari tsohuwa ta yi aikin, kai ka rubuta rapor

Ranar Laraba Inna Baraka, shugabar ƙungiyar matan, ta ƙi shiga ajin. Ta zauna bakin ƙofa ta sa aka kira shi.

"Ɗana, an ce allon nan naka yana ganin inda muka taɓa."

"Ƙwarai, Inna. Har daƙiƙa yake ƙirgawa."

"Madalla. Bai hwaɗa maka abin da ya hana mu ba?"

"Wannan sashen ba a gina shi ba tukuna."

"Tun shekarar yunwa ta tamanin da huɗu nike gidan mutumin nan, ban taɓa kiran sunanshi ba, ko da muna faɗa. Don akuya biyu zan hwara? Rannan da ka iske mu gindin bedi, Fadimatu ka rubuta min nawa, ni in rubuta mata nata. Kai ka zo ka rufe mu ɗaki ɗai-ɗai kamar masu ƙyanda."

Matan suka kwashe da dariya. Hamdiya ta duƙar da kai tana gyara mayafin da bai karkace ba.

"Kuma na ji ka gwada shi gida," in ji Inna Baraka. "Taka matar, ta rubuta?"

Abdurrazak ya tuna da tukunyar, ya kuma tuna cewa ranar ba a ɗora komai ba sai bayan azahar. Babban yatsansa na kan tabilet, daidai gurbi na huɗu, ɗan rahoto kuwa yana bakin aikinsa. Daga baya an ga abin da ɗan rahoton ya rubuta: dannawa ɗaya, minti huɗu, ba harafi.

Aka koma gindin bedi. Kafin inuwa ta juya, Abarci da Na'Allah da Zakariya'u da sauran mazan ƙauyen sun shiga gurbinsu, kowanne da yatsan maƙwabciya. Jerin ya isa Maraɗi ranar Alhamis da safe, awakin suka sauka bayan mako biyu. A rapor ɗinsa Abdurrazak ya rubuta cewa matsalar ta warware ne bayan an mai da gurbin kore.

Sanarwar kare kai

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin man babur da ya ƙone, ko ƙyauren aji da ya karye, ko sunan da mata za su laƙaba maka, wanda zai bi ka har kasuwar Sabon Maci. Ba ya ɗaukar alhaki in an tarar mijin maƙwabciya takwaran mijin mai rubutawa ne, a nemi mace ta uku. In kuma ka koma gida ka matsa wa matarka lamba sai ta cika gurbi na huɗu, abin da ya biyo baya tsakaninku ne. Kada ka kira sunan marubucin, shi ma ba zai kira naka ba.