Ranar da na ce ta fashe

Ba zan taɓa mantawa ba da saƙon da na tura wa Ya Modu, ko da zan so in manta.

Lokacin ina sabuwar sakatariya a wata makarantar kuɗi a unguwar Hausari, a shekarun tashin bama-bamai, da ko tayar keke ta yi ƙara sai kowa ya kwanta a ƙasa. Ya Modu shi ne mai gyara mana kwamfuta. Dogo ne, ba ya yawan magana, ga gilashi. Ni kuwa da littattafan soyayya suka rene ni, tun ranar farko na gama ba shi matsayin jarumi (shi bai ma riƙe sunana ba, "Malama" yake ce min). Burina ɗaya: ya gane cewa ni ba irin sauran 'yan mata ba ce.

Wata ranar Laraba ina shigar da sakamakon jarrabawa, sai manhajar ta tsaya cak. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, na rufe shi ban karanta ba, allon ya yi baƙi. Maimakon tsoro, daɗi na ji. Ga dalilin kiransa ya samu! Na gyara ɗankwali, na zauna na tsara saƙo kamar mai rufe babi:

"Ya Modu, ta fashe a gabana. Komai ya yi duhu. Ban san yadda zan yi ba, ka zo ka cece ni."

Wallahi har na yaba wa kaina.

Yana Kasuwar Litinin sayen tawadar firinta lokacin da ya karanta. Ya kira ni, na ƙi ɗagawa (a littafi jaruma ba ta ɗagawa a kira na farko). Sai ya kira shugabar makaranta, Madam Saratu, wadda ta tafi banki. Ita kuma ta kira maigadi ta ce a fitar da yara.

Ina cikin duba fuskata a gilashin waya na ji ƙararrawa da gudu. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ga Ya Modu, gumi sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, Madam a bayansa tana kiran sunan Yesu.

"Ina? Wa ya ji ciwo?"

Na ɗaga yatsa a hankali na nuna kwamfuta.

Madam ta dafe ƙirji. "'Yata, a garin nan kike cewa abu ya fashe?"

Ya Modu ya zauna, ya cire gilashi, ya daɗe yana goge shi. "Malama, me kike yi lokacin da ta tsaya?"

"Tunani."

"A kwamfutar nake nufi. Me ta rubuta?"

"Ban karanta ba."

Ya kunna ta, akwatin ya dawo: wurin ajiya ya cika. Gyaran bai kai tsawon tsara saƙona ba. Ya fita neman takalminsa bai dube ni ba.

Daga nan na koyi cewa kwamfuta ba ta fashewa, rubutu take yi, kuma mai gyara rubutun yake so, ba halin da zuciyata ke ciki ba. Da ta sake tsayawa, na ɗauki hoton allon na tura masa da layi ɗaya: ga abin da na danna, ga abin da ta ce.

Ya amsa: "Madalla. Wannan saƙon ya yi kyau."

Na san a kan kwamfuta yake magana. Amma ranar ban iya cin abinci ba.