Yadda Baba Eriya Ya Faɗi Jarrabawa Saboda Amsa Sallama

Jiya na kashe yini guda cur a Ofishin Rabon Iska, alhali ko allura ba ni da ita a can. Rakiya na yi. Maƙwabcina Baba Eriya, mai gyaran rediyo a bakin layinmu, shi ya ja ni, wai in riƙe masa jaka in taya shi da addu'a.

Ga wanda bai sani ba, akwai wata irin rediyo da ake magana da ita kamar oba-oba, har mutumin wata ƙasa ya amsa maka. Masu sha'awa ke haɗa abarsu a gida. Saurare kyauta ne, Allah ya saka wa manya da alheri. Amma ka danna maɓalli ka ce uffan, to sai da lasisi.

Baba ya haɗa tasa daga tarkacen da masu shi suka ƙi zuwa karɓa. Shekara tara ke nan kullum da hantsi wani dattijo ke kira daga can uwa duniya. Sai ya yi tari sau biyu, ya yi sallama, ya ce, "Akwai mai ji na?" Har muka sa masa suna Mai Tari. Baba na jin sa raɗau, ba halin amsawa.

"Da can mutum goma ke amsa masa," in ji Baba. "Yanzu wata rana ko ɗaya babu, tarin kuma ƙaruwa yake yi. So nake in amsa wa bawan Allahn nan kafin ɗayanmu ya riga ɗaya."

Shi ya sa ya shiga neman lasisi. Ya biya kuɗin fom, ya biya kuɗin duba fom, ya biya kuɗin kujerar jarrabawa, da ya je kuma benci ya tarar. Zuwan farko aka ce mai jarrabawa ya tafi taron ƙara wa jama'a sha'awar rediyo. Zuwa na biyu aka tambaye shi a sakin layi na nawa doka ta fassara kalmar eriya. Mutumin da sunansa ma Eriya, wallahi ya faɗi warwas.

Jiya ne zuwa na uku, ranar gwaji da hannu. Zaure mai cin mutum hamsin, mu uku ne a ciki har da ni ɗan rakiya. Yallaɓai mai jarrabawa ya kunna na'urar ofis, shiru. Ya bubbuga mata kai, ya hura mata iska, shiru.

"A dawo bayan wata shida," ya ce. "Za mu rubuta takarda sama."

Na dubi Baba na ga yatsunsa suna motsi. Shekara arba'in bai taɓa wuce matacciyar rediyo bai buɗe cikinta ba, ko a gidan gaisuwa ne. Ya fizge jakar daga hannuna.

"Ranka ya daɗe, bari in leƙa kawai."

Ashe ɓera ne ya gwaigwaye waya ɗaya. Baba ya kankare ta, ya ɗiga dalma, ya murɗa zuwa inda hannunsa ya saba. Na'ura ta yi shuuu. Sai ga tari sau biyu, sai sallama, sai, "Akwai mai ji na?"

Jama'a, ku faɗa min tsakani da Allah, wa ake yi wa sallama ya yi gum? Kafin in kama hannunsa Baba ya danna maɓalli.

"Wa alaikumus salam! Ina jin ka, ɗan'uwa, shekara tara ina jin ka! Ya jikin?"

Can sai dattijon ya fashe da dariya haɗe da tari. Ni kam ƙwalla ta cika min ido, ban ɓoye ba.

Yallaɓai ma ya ji daɗi ƙwarai, domin tun da ya kama aiki bai taɓa kama mai laifi da idonsa ba. Ya zaro littafin doka ya karanto mana: magana a iska babu lasisi, a hana mutum zama jarrabawa shekara uku. Ya buga hatimi har sau biyu. Da muka kai ƙofa kuma ya biyo mu yana rage murya.

"Baba, akwai wata a sito, ita ma ta ƙi tashi. Ko za ka shigo ta ƙofar baya ranar Litinin?"

Yau da hantsi na leƙa shago. Mai Tari ya yi tarinsa, amma bai ce akwai mai ji na ba. Cewa ya yi, "Ina mutumina na jiya?" Sau uku yana tambaya. Baba ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kansu.

Na ji an ce Mai Girma Babban Marabin Iska, wato shugaban ofishin, ya damu matuƙa da yadda mutane suka daina neman lasisi, har ya kafa kwamitin gano dalili. Allah ya ja zamaninsa. In kwamitin na son jin ta bakin Baba, yana nan shago, sai dai kada a kira shi ta rediyo.