Rasuwar Mulinu, Injin Niƙan Masarar Ɗakina

Da zuciya cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga abin da ba shi da makawa, ni Innayatu, matar Malam Shittu mai aikin gonar dabino a Khaibar, nake sanar da 'yan'uwa mata na unguwar Ranuna da na Jurf a nan Madina, da duk wanda ya taɓa cin kacafa, wainar ɗanyar masara, a ɗakina, rasuwar abokin zamana Mulinu, injin niƙan masara na hannu. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Sha'aban na shekarar 1404, yana bakin aikinsa, da masara a bakinsa.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa daga Benezuwela yake, ƙasar da ban san ta inda ake bi a je ta ba. Ya shigo Madina cikin akwatin Sharifa, matar wani ɗalibin Jami'ar Musulunci, wadda iyayenta mutanen Sham ne amma a can aka haife ta. Ɗakinsu na kallon namu a saman bene. Ita Larabcinta a karye, ni nawa bai ma tsaya da ƙafarsa ba, don haka da hannu da dariya muka fara gaisawa.

A lokacin na riga na daɗe a ɗaki. Aikin Hajji ne ya kawo mu. Malam ya samu iƙama, takardar izinin zama, a hannun mai gonar da yake wa aiki, tawa kuma aka ce gobe in sha Allahu, har yau goben ba ta waye ba. Mace marar takarda ba ta yawo. Masallacin Kuba yana nan kusa, ina jin kiran sallarsa kamar a tsakar gida, amma in motar 'yan jawazat masu kamen marasa takarda ta fara zagaya unguwa, ko shara ba na saukowa zubarwa. Malam kuwa sai ƙarshen mako yake zuwa, wani makon ma ba ya samun mota.

Wata safiya na ji wani sauti ta bango, ƙurr, ƙurr, ƙyas, sannan ƙamshin masara da man shanu ya biyo baya. Na leƙa. Sharifa ta kama hannuna ta ɗora a kan mariƙin injin, ta nuna shi ta ce, “Molino.” Bakina ya mai da shi Mulinu, sunan ya bi shi har kabari.

A wurinta na koyi aikin. Masara ɗanya ake samu, wadda in an soka mata farce nono zai fito. A yanke ƙwayar daga totuwa, a zuba wa Mulinu a baki, a juya. Ba ya niƙa ta lilis, yana barin ɗan tsaki-tsaki, kuma nan daɗin yake. A sa sukari da ɗan gishiri da madara kaɗan, a shafa wa kasko man shanu, a zuba ludayi guda a baza. In gefen ya yi ja sai a juya. A ɗora farin cuku, a ninke biyu, a jira ya narke. Cukun ƙasarsu babu shi a Madina, sai jibnar mutanen Sham muke jiƙawa a ruwa har gishirinta ya fita. Sharifa takan ɗanɗana ta girgiza kai, ta cinye kuma tas.

Da mijinta ya gama karatu za su koma, ta shigo da Mulinu naɗe a zani ta ajiye min a cinya. Ta ce, “Ni can akwai da yawa. Ke nan babu, ya ukti.” Ta sauka bene tana kuka. Ni na raka ta iya inda nake iya rakiya.

Jama'a za su shaidi marigayin da kyawawan halaye. Mai haƙuri ne, bai taɓa neman lantarki ko kananzir ba, ɗigon man gyaɗa a gaɓoɓinsa ya ishe shi. Mai rufin asiri ne, muryarsa ba ta wuce bango ɗaya, ba ta taɓa sauka ƙasa ta gaya wa mai wucewa cewa akwai mace a sama ba. Yana da aibi guda, ba zan ɓoye ba: yana zubar da ruwan masara ta baya, dole sai an tara masa kwano, ya kuma cinye gefen teburinmu da matsewarsa. Mun yafe masa.

Babban alherinsa shi ne ya kawo min garin da na kasa zuwa. Duk lokacin da Malam ya zo da buhun masara daga gonakin hanya, sai labari ya bazu. Uwa, maƙwabciyata 'yar Damagaram, ita ke fara hawowa, tana haki tana cewa, “Innayatu, wainar Turawan nan taki ce za ta kashe min gwiwa.” Na gaya mata ba Turawa ba ne har na gaji. Bayanta matan ɗalibai su zo daga Jurf da jibna a ƙunshe. A ɗakin nan na ji wanda ya haihu a Kano, da wanda aka kama aka mayar gida, da yadda aka faɗaɗa wata hanya da ban taɓa takawa ba. Muna juyi bi da bi, Mulinu na ƙurr, ƙurr, ƙyas a tsakiyarmu, kamar dattijon da ke sauraron hira yana gyaɗa kai.

Ciwon ajalinsa ya faro ne bara. Mariƙinsa ya soma lilo, muryarsa ta dishe, ƙyas ɗin ta koma ƙarar da ke sa haƙori tsami. Malam ya kai shi wurin wani mai walda a kasuwa, aka ɗinke shi da wuta, ya dawo da tabo a wuya, ya ɗan ji sauƙi. Sai haƙoransa na ciki suka cinye, masara ta riƙa fitowa kusan yadda ta shiga. Malam ya zagaya shagunan Madina da su a aljihu. Kowa ya juya su ya ce bai taɓa ganin irinsu ba, a sayi na lantarki mana.

Ya sayo na lantarkin. Na gode masa, don da zuciya ɗaya ya yi. Amma ranar da na kunna shi, ya kurma ihun da ya sa mai gidan hayarmu ya aiko a tambayi ko lafiya, ni kuma na tsaya bayan ƙofa ina riƙe numfashi. Masarar ma ya mai da ita kunu, ta bazu a kasko ta ƙi juyuwa. Na mayar da shi kwalinsa, na koma lallashin Mulinu.

Ranar Talatar, Uwa na zaune tana yanka jibna, ina juyi a hankali. Ya yi ƙurr sau ɗaya, sannan ƙas. Wuyansa ya rabe daidai kan tabon, mariƙin ya zo min a hannu. Uwa ta ajiye wuƙa ta dube shi ta dube ni.

“Halas ke nan?” in ji ta.

Na ce, “Halas.”

“To ke yanzu fa?”

Na ajiye mariƙin a gefen Mulinu. Ta tattara masarar ta dafa mana ita haka nan, muka ci.

Marigayin ya bar kasko guda, baƙi ƙirin, wanda tun ranar yake kife. Ya bar ludayi, da kwanon da ke tarar ruwansa, da teburi mai rauni a gefe. Ya bar 'yata Azumi, haifaffiyar ɗakin nan, wadda nake yi wa Hausa tana mayar min da Larabci, wadda har yanzu take miƙo faranti da safe tana cewa, “Kaman, ya Umma,” wato a ƙara mata. Ya bar Sharifa a can ƙasarsu, ba ta sani ba, ba ni kuma da hanyar sanar da ita. Ya bar ni.

An riga an yi masa wanka da ruwan ɗumi, an shafe shi da mai, an naɗe shi a farin buhun shinkafa. Za a fitar da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in Malam ya samu motar Khaibar. Shi zai ɗauke shi zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe a bayan kasuwa. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina, saman bene, daga la'asar zuwa magariba. Mai zuwa ta ƙwanƙwasa a hankali ta faɗi sunanta da Hausa. Ina roƙon 'yan'uwa kada ku ce tun da babu kacafa babu dalilin hawa bene. Akwai shayi.

Masu iƙama da ke son raka gawa suna iya bin Malam har can. Ni zan tsaya a matakalar ƙarshe, daga cikin ƙofa, in ga fitarsa.