Guɗar da Na Kushe a Gaban Hajiya

Matso kusa ka ji, don ba zan ɗaga murya ba. Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da shekarar da fiyano ta kwana a ɗakina ba. Lokacin soja ke mulki, fari ya cinye gonaki, mazan Matameye duk sun watse cin rani. Ni kuwa ina da abin taƙamata biyu: kunne da guɗa. Ko tari mutum ya yi a bayan katanga sai in faɗi sunansa, kuma ba a kai amarya a unguwarmu sai an aiko mini.

Malam, maigidana, ya dawo daga Kano da buhun masara da wata ƴar fiyano mai batir, saƙon wani makaɗi a Damagaram. (A kan iyaka sai da sojoji suka sa ya kaɗa musu, wai kada ta zama oba-oba, rediyon aika saƙo.) Ina ganin buhun nan na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Ashe abin yana ɗaukar murya, kuma Malam ya danna jan maɓalli ban sani ba.

Washegari mata suka cika tsakar gida kallo, har da Hajiya Dije, wadda ta riga ta ce ni zan yi guɗar bikin ƴarta a Kurni. Malam ya zauna a bakin zaure yana nuna musu fiyanon. A gefen hagu akwai wani ɗan gare-gare da ake turawa da babban yatsa. In ya tura shi kaɗan, sai sautin ya ɗan yi rawa kamar goge a hannun gwani. In ya ƙara, sai ya yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sauti ɗaya ne fa, rawar ce ke sauya masa kama.

Can ya ce, "To, ga wata guɗa na samo, ku ji." Ya danna maɓallan da ke ba da murya mai kauri, ya tura gare-garen nan har ƙarshe.

Wayyo! Wani abu ya fito kamar tunkiyar da ta kwana uku ba dusa.

Hajiya ta ce, "Ƙanwata, ke ce mai kunne. Wace ce wannan?"

Da ma na ce ban sani ba. Ina! Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Hajiya, wannan Bakanuwa ce, kuma ba haƙori a bakinta. Ba ki ji numfashinta ya gaza ba? Duk wanda ya bar wannan ta shiga bikinsa, ya cuci amarya."

Malam ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Malam, kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Sai ya saki gare-garen, ya danna maɓallin tsakiya. Guɗata ta fito tangaran, har da ƴar shaƙuwar da nake yi a ƙarshe, wadda duk Matameye an san ta. Mata suka zube ƙasa don dariya. Wata har ta kife mini tulu (a shekarar da ruwa ke da daraja!). Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, na shige madafa ina hura murhun da ba wuta.

Hajiya ta biyo ni tana share hawaye. "To Bakanuwa, ya za mu yi? Ke da bakinki kika ce kada in cuci amarya."

Na ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri."

Ta rufa, amma da sharaɗi: sai na buɗe baki ta ƙirga haƙoran a gaban kowa. Na buɗe. A Kurni ma, ina toshe hanci sai na ji ƴan rakiya suna cewa a ba tsohuwar Kano hanya. Na yi guɗata haka nan, murya na rawa, ba kuma wanda ya tura gare-gare.

Tun ranar, in aka ce in faɗi laifin muryar wata, sai na fara tambayar ta wace ce. Kai da kake dariya, in aka kaɗa maka taka a gaban jama'a, ka tabbata za ka gane ta?