Ranar da Na Kira 'Yata Damsel

Ba zan taɓa mantawa da dinar auren 'yata ba, ko da na so. A gida uba ba ya leƙa irin wannan wuri. Amma a Dubai babu baffa babu kawu, mahaifiyarta kuma ta rasu bara, Allah Ya ji ƙanta. Sai aka ce ni zan yi jawabi, kuma da Turanci, saboda abokan aikin ango.

Ga shi 'yar fari ce, ban taɓa kama sunanta ba. "Ke" nake cewa, ta juyo. Sai na shiga waya neman kalma mai daraja da zan kira ta da ita, na ci karo da damsel. Wai tsohon Turanci ne, budurwa 'yar babban gida. Daga Faransawa aka aro ta, su kuma sun samo ta daga kalmar Latin mai nufin uwar gida. Na haddace tsaf (ni da Turancina bai wuce na ciniki da masu jigilar kaya a unguwar Port Saeed ba).

A zauren wani otal a Al Rigga aka miƙo mini makirufo. Na dubi amarya, na ga uwarta sak. Don kada in yi hawaye gaban surukai, sai na fake da tarihin kalmar. Na kai su Faransa, na zarce da su Latin. Har sa baƙi na yi su maimaita ta bayana, kamar 'yan firamare. Shinkafa ta huce. Wani Ba'indiye ya fara tafi don in sauka, na ɗauka yabo ne, na ƙara gyara tsayuwa.

Alhaji Sabo, abokin kasuwancina, ya taso ya karɓe makirufon.

"Khalas, ya isa haka, farfesa. Biki muka zo, ba jarrabawa ba."

Kowa ya yi dariya, ban da amarya. Da na zo wucewa ta riƙo hannun rigata, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ko Allah Ya ba da zaman lafiya ba ka ce mini ba."

A nan na sunkuya na yi mata addu'ar, da Hausa. Babu wanda ya ji sai ita da mai kwashe faranti.

Ran nan na gane gara a ga hawayen tsoho da a ga wautarsa sanye da babbar riga.