Rasuwar Ajuza, Bindigar Gasa Mai Sakata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, ni Sha'aban Dalhatu, ma'aikaci a ofishin jakadanci, mazaunin unguwar Malaz a nan Riyad, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar bindigar gasata, wadda mutanen kulob ɗin harbi suka laƙaba wa suna Ajuza, wato tsohuwa. Ta cika ranar Alhamis da ta gabata, cikin wannan shekara ta 1997, a kan kafaɗata, ana tsakiyar zagayen ƙarshe na gasar harbi.

Na gaje ta daga wani likita Basudane da ya bar ƙasar nan lokacin yaƙin Kuwait. Ba ta taɓa kwana a gidana ba, saboda doka. A ma'ajiyar kulob take zaune, ni nake kai mata ziyara duk mako. Ƙananan harsasai take ci, kuma in ban da takarda ba ta taɓa huda komai ba.

Marigayiyar ba mai gaggawa ba ce. In ta ce "tau", sai ka ɗaga sakata, ka ja ta baya, kwanson harsashi ya faɗo "ƙwal", ka tura, ka rufe, sannan za ta sake kula ka. A tsakanin nan dole mutum ya yi numfashi. Ni kuwa, kowa ya san yadda nake da saurin fushi. Na taɓa fita daga mota a unguwar Suwaidi saboda wani ya yi mini hon. Ajuza ce ta gyara ni. Uwargidana Yagana shaida ce cewa yanzu in aka ɓata mini rai, hannuna na dama kan motsa kaɗan kamar mai jan wani abu, sai maganar ta fito a sanyaye.

Ciwon ajalinta ya fara ne a bara. Ta riƙa riƙe kwanso a ciki, sai an zaƙulo. Aka yi mai, aka yi goga, ta ɗan farfaɗo. Ranar Alhamis, ina matsayi na biyu, na ja sakata ta ƙi. Na sake ja, ta ce "ƙas", ta yi shiru. Mai gyaran kulob ya duba cikinta da fitila, ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya dafa ni.

Ta rasu ta bar ni, da Yagana, da 'yarmu Amal mai tara mata kwanso a gwangwanin madara. Ta kuma bar maƙwabciyarta a ma'ajiya, sabuwar bindiga mai sarrafa kanta ta abokina Musbahu, wadda ke zazzage harsashi goma kafin mutum ya rufe baki. Tun bara Musbahu yake cewa in koma irinta. Na ara sau ɗaya. Huda biyu na samu a takarda, na dawo gida na yi faɗa da firiji.

Za a miƙa gawar ga ofishin kulob ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, a yanka ta biyu kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ba za a kai ta gida Najeriya ba. Zaman makoki a falona na Malaz. Mata su ga Yagana, domin ta fi kowa fargabar abin da zai biyo baya.

Musbahu ya yi tayin harba harsashi goma sama don girmama mamaciyar. Iyali sun gode ƙwarai, amma suna roƙonsa ya bari, domin ko saman ma ba mu da tabbacin zai samu.