Yadda Na Kashe Kaka da Ingilishi

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na kashe kakata da bakina ba, alhali tana zaune lafiya lau a Korgom.

Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, duk dangi Bature suke ce mini saboda na iya Ingilishi (a gidan da babu mai jin ko kalma ɗaya wannan ba abin yabo ba ne, amma ni kaina ya kumbura).

Wata rana saƙo ya zo daga ƙauye cewa zafi ya bugi Kaka ta suma a bakin rijiya. An yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, har ta sha fura. Duk da haka Inna ta ce in sanar da ƙanenta, Kawu Sani, wanda ke Fatakwal can kudancin Najeriya, ya yi shekaru bai leƙo gida ba. Zamanin nan salula ba ta kai ƙauye ba, sai na nufi shagon buga tarho na bakin tasha.

Matar Kawu ce ta ɗauka, 'yar can ce, ba Hausa ba Faransanci. Na gyara murya, don ranar nuna ilimi ta zo. Mushe, malaminmu na Ingilishi, ya taɓa koya mana "pass out" da "pass away" a darasi ɗaya, ɗaya suma ɗaya mutuwa, amma a kaina sun zama tagwaye. Na juya su a baki, na ji "away" ta fi daɗin faɗi.

Na ce, "Tell Kawu, Kaka pass away."

Sai na ji ta fashe da kuka. Na ce a raina matar nan akwai tausayi. Har na ƙara mata da "No problem", layi ya yanke. Na fito ina taƙama.

Ƙarshen mako ina Korgom, da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Ga Kawu idanu jajir, ga matarsa cikin lulluɓi, ga abokansa suna sauke buhun shinkafa da goro na sadaka. Yana shiga tsakar gida ya tarar da Kaka a gindin bedi tana ɓarar gujiya.

Ta ɗaga kai ta ce, "Sani, kai ne? Wa ya rasu kuka taho da goro haka?"

Kawu ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta yana kuka kamar yaro. Da ya samu numfashi ya ce, "Wa ya buga tarhon nan?"

Idanun gidan kaf suka dawo kaina. Na ce da ƙaramar murya, "Kawu, ba suma ke nan ba?"

"Suma 'out' ce, Bature. 'Away' lahira ce."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kaka kuwa da aka fassara mata, dariya ta yi har da hawaye. "Ku ƙyale mini mijina," in ji ta. "Shekara nawa ina aika a ce Sani ya zo bai zo ba? Daga yau duk sa'ad da na yi kewarsa, kai za ka buga."

Aka dafa shinkafar, unguwa duk ta ci. Kaka ta ci sadakarta da hannunta, har ta nemi ƙari. Kawu bai koma ba sai da ruwan farko ya sauka, muka yi shuka tare. Ban ƙara ganin gidanmu ya cika irin na wannan lokaci ba.

Bayan shekaru, da Allah ya karɓi ran Kaka da gaske, ni na kira Kawu, da Hausa tsantsa. Sai ya ce, "Ka tabbata, Bature?" Muka yi dariya muna kuka.

Yau ni ke koyar da Ingilishi a Mayahi. Kullum ina gaya wa ɗalibaina su ji tsoron 'yar ƙaramar kalmar da ke bin bayan babba, don ita ke raba mai suma da mamaci. In kuwa labarin rai ne, su faɗe shi da harshen da suka sha a nono.